Ƙazwar tumaki: yadda gwajin jini ke tona ƙwaron da ido bai kai ga gani ba

Duk wanda ya taɓa ganin tunkiyar da ƙazwa ta ci ƙarfinta ba zai manta ba. Za ka same ta jingine da shinge tana goga jiki, ta juyo da kai ta ciji kafaɗarta, ta kai ƙafar baya ta yi ta susa har fata ta tsage. Gashin ya cukurkuɗe ya yi dauɗa yana zuba faci-faci, ƙarƙashinsa kuwa ɓawo ne mai kauri da ɗanyen gyambo a gefe-gefe. Idan ka sa hannu a wurin sai ta ɗaga kai tana motsa leɓe tana lasar iska, wata ma ta zube tana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Ga rama, domin dabbar da ke susa dare da rana ba ta da sukunin kiwo. In an kai wannan matsayi, ba sai an kira gwani ba kafin a san akwai ciwo.

Abin da ke ci wa masu tumaki tuwo a ƙwarya shi ne, kafin a kai nan, ƙwaron ya riga ya yi makonni, wani lokaci ma watanni, yana zagaya garke ba wanda ya sani. A cikin waɗannan makonnin ne ake sayar da dabba da zuciya ɗaya, a ba maƙwabci aron rago, a haɗa garke da garke a makiyaya guda. Ciwon ya fi yaɗuwa a daidai lokacin da babu abin gani. Domin cike wannan giɓin ne aka samar da gwajin jini, kuma yana da kyau a fahimci abin da yake iya faɗa da abin da ba ya iya faɗa, don da yawa daga cikin kurakuran da ake yi da shi daga nan suke tasowa.

Ƙwaron da ke kawo wannan ƙazwa, masana suna kiransa Psoroptes ovis. Ɗan mitsitsi ne, macen da ta gama girma ba ta kai milimita ɗaya ba, sai mai kaifin ido ne zai hango ta kamar ɗigon farin gari tana motsi a bakin gyambo. Dangin kaska ne da gizo-gizo, ƙafa takwas gare shi in ya girma. Ya bambanta da ƙwaron ƙazwar mutane, wanda ke haƙa rami cikin fata; shi wannan a saman fata yake zama, a gindin gashi, yana shan ruwan da ke tsattsafowa. Kuma a nan sirrin ciwon yake. Ba cizonsa ne ke azabtar da tunkiya ba. Kashin da yake zubarwa a kan fata yana ɗauke da wasu sinadarai da jikin tunkiya ba ya shiri da su, sai garkuwar jiki ta tashi haiƙan, fata ta kumbura, ta yi zafi, ta riƙa fitar da ruwa. Wannan ruwan shi ne abincin ƙwaron. Wato jikin tunkiyar da kansa ne ke girka wa maƙiyinsa abinci a ƙoƙarin korarsa. Ruwan yana bushewa ya zama ɓawo, ƙwarin su matsa gaba zuwa sabuwar fata a gefen ɓawon, gyambon ya yi ta faɗi kamar gobarar daji, tsakiya a ƙone, baki yana ci.

Daga ƙwai zuwa ƙwaron da zai iya haihuwa kwana goma sha huɗu ne, ko ƙasa ko sama da haka kaɗan. Mace tana saka ƙwai ɗaya zuwa uku a rana, tana kuma iya rayuwa har wajen kwana 40. Binciken da aka yi a kan yadda suke hayayyafa ya nuna yawansu yana ninkawa kusan kowane kwana shida a lokacin da ciwon ke tashe. A yi lissafi: a mako takwas an ninka sau tara ke nan, ƙwari goma sun zama sama da dubu biyar. Amma a lura da yadda ninki yake tafiya. Goma ta zama ashirin, ashirin ta zama arba'in, arba'in ta zama tamanin, duk wannan a ƙarƙashin ulu mai kauri, a wurin da bai wuce faɗin ɗan yatsa ba. Rabin tafiyar ana yin ta ne a ɓoye. Sai can ƙarshe abin yake fashewa, mai garke ya ce ciwo ya faɗo masa dare ɗaya, alhali ya daɗe da shigowa.

Akwai kuma wuraren da ƙwaron ke laɓewa: cikin kunne, ramin da ke ƙasan ido, matsematsi, da gindin ƙahon rago. Bayan an yi sausayar ulu, ko lokacin da yanayi ya yi zafi fata ta bushe, ciwon yakan lafa, tunkiya ta yi kamar ta warke, gashi ya tsiro. Tsirarun ƙwari suna nan a maɓoyarsu, da sanyi ya dawo ulu ya yi tsawo sai su farfaɗo. Shi ya sa a ƙasashe irin su Birtaniya aka fi ganin ɓarkewar ciwon a kaka da hunturu. Irin wannan tunkiya mai kama da lafiyayya ita ce ta fi haɗari, don babu mai saye da zai ƙi ta a kasuwa.

Ko ƙwaron ya faɗo daga jikin dabba ba nan take yake mutuwa ba. Yana iya rayuwa har wajen kwana 17 a jikin ɗan guntun ulun da ya maƙale a waya, ko a turken da aka goga jiki, ko a cikin motar ɗaukar dabbobi, ko a almakashin sausaya da tufafin mai yin ta, kuma duk tsawon kwanakin nan yana iya kama wata tunkiya.

Hanyar da aka saba bi wajen tabbatar da ciwon ita ce kankarar fata. Likitan dabbobi yana neman bakin gyambo, ya kankaro ɓawo da gashi da wuƙa, ya duba a madubin ƙara girma. In ya ga ƙwaron, magana ta ƙare, babu shaidar da ta fi wannan ƙarfi, kuma har gobe ita ce hanya mafi sauri idan gyambo ya bayyana. Raunin hanyar a fili yake: sai an san inda za a kankara. Tunkiya ɗaya faɗin fatarta yana da yawa, ulu ya rufe ko'ina, garken kuma wataƙila ɗari biyar ne. A farkon kamuwa, likita yana iya kankarar wurin da ke nesa da ƙwarin da taƙi ɗaya kacal, ya duba bai ga komai ba. Rashin gani a nan bai nuna babu ba.

Masu bincike a Cibiyar Moredun da ke kusa da Edinbara a Sikotilan, cibiyar da manoma da kansu suka kafa a 1920 don binciken cututtukan dabbobi, sai suka sauya tambayar. Maimakon neman ƙwaron a fata, suka nemi sawun da ya bari a jini. Tunda ciwon kansa martanin garkuwar jiki ne, dole jikin ya ƙera sinadaran garkuwa na musamman da suka dace da sinadaran ƙwaron, kamar yadda kowane kwaɗo yake da mabuɗinsa. Waɗannan sinadaran garkuwa suna zagaya jini gaba ɗaya. Ko ƙwaron yana cikin kunne ne ko a gindin wutsiya, jinin da aka ɗiba a jijiyar wuya zai ba da labarinsa. Wannan shi ne tushen dabarar, kuma a ganina kyawunta yana cikin sauƙinta.

Sun zaɓi furotin guda ɗaya daga jikin ƙwaron, wanda aka raɗa wa suna Pso o 2. Wani abin sha'awa, ɗan uwa ne na kusa ga furotin ɗin da ke jikin ƙwaron ƙurar ɗaki, wanda ke tayar wa mutane da yawa asma da atishawa. Tun kafin nan an gwada yin irin wannan awo da niƙaƙƙen ƙwaro gaba ɗayansa, amma hakan na nufin sai an riƙa kiwon ƙwarin a jikin tumaki masu rai don a samu abin niƙawa, kuma kowane haɗi yana iya bambanta da na baya. Da aka ware furotin ɗaya aka koma samar da shi a ɗakin gwaje-gwaje ta hanyar ƙwayoyin bakteriya, sai aka samu abu mai tsabta, iri ɗaya kullum, wanda ba ya ruɗewa da ƙwarƙwata ko kaska. A 2011 aka wallafa bayanin gwajin, daga baya aka inganta shi ya shiga hannun ɗakunan gwaji masu karɓar jini daga likitocin dabbobi.

Yadda ake yin sa a ɗakin gwaji kuwa, hanya ce da aka daɗe ana amfani da ita a asibitin mutane da na dabbobi, ana kiranta ELISA. Akwai ɗan farantin roba mai ƙananan ramuka 96. Ana shafe cikin kowane rami da furotin ɗin ƙwaron. Sai a tace jinin tunkiya a ɗauki ruwan jinin, a sirka shi, a ɗiga a rami. Idan tunkiyar ta taɓa haɗuwa da ƙwaron, sinadaran garkuwarta za su kama furotin ɗin su maƙale. A wanke ramin, duk abin da bai maƙale ba ya tafi. A zuba wani sinadari na biyu mai bin sinadaran garkuwar tumaki ya manne musu, a sake wankewa, sannan a ɗiga abin da zai sa launi ya fito. Ramin da babu komai zai zauna fari, wanda aka samu kamu zai rine, kuma gwargwadon yawan sinadaran garkuwa gwargwadon duhun launin. Na'ura ce ke auna duhun ta ba da lamba. Wannan batu na lamba yana da muhimmanci: sakamakon ba "e" ko "a'a" ba ne kai tsaye, ma'auni ne mai hawa-hawa, akwai wanda yake can ƙasa, akwai wanda ya yi sama sosai, akwai kuma na tsakiya mai bukatar a yi tunani.

Gwajin yana iya gano kamuwa cikin kimanin mako biyu da hawan ƙwaron jikin dabba, tun babu susa, tun gashi bai fara zuba ba. Alƙaluman da aka bayar game da ingancinsa sun nuna yana kama kashi 98.2 cikin ɗari na dabbobin da suka kamu, yana kuma wanke kashi 96.5 cikin ɗari na waɗanda ba su kamu ba.

Shawarar da ake bayarwa ita ce a ɗebi jinin tumaki 12 daga kowane rukuni. Kalmar rukuni ita ce mabuɗi a nan. Ana nufin tumakin da suke kiwo tare, suna kwana tare, suna gogayya da juna. Mai tumaki 600 da ya raba su fili uku, rukuni uku gare shi, kuma jini 36 zai ɗiba. In ya ɗebi 12 daga fili ɗaya ya ce ya auna gonarsa, ya yaudari kansa.

Mutum zai tambaya, ta yaya 12 za su yi magana da yawun ɗari biyu? Lissafi ne mai sauƙi, kowa zai iya yi. A ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu na garken ya kamu. Idan aka kama tunkiya ɗaya ba tare da zaɓe ba, yiwuwar ta zama lafiyayya uku ne cikin huɗu. Yiwuwar a kama goma sha biyu a jere duk lafiyayyu kuwa, in aka ninka, wajen kashi 3 ne cikin ɗari. In ɗaya cikin biyar ne suka kamu, yiwuwar a kuskure ya kai wajen kashi 7. In ɗaya cikin goma ne, ya haura zuwa kashi 28. In kuwa biyu ne kacal cikin ɗari, to kusan sau huɗu cikin biyar za a auna 12 a ga babu komai. Wannan lissafin ya nuna ƙarfin gwajin da iyakarsa a lokaci guda. Dalilin da ya sa 12 ke wadatarwa a mafi yawan lokaci shi ne ciwon ba ya tsayawa a kan biyu cikin ɗari. Tumaki dabbobi ne masu cunkushewa wuri ɗaya, ƙwaron yana ratsa rukuni da sauri. Amma idan shigowarsa sabuwa ce fil, ana iya wuce shi. Saboda haka in akwai wadda aka ga tana ɗan susa, ko gashinta ya ɗan jiƙe a kafaɗa, a sa ta cikin goma sha biyun. Kada a zaɓo masu ƙiba da kyan gani don a samu sakamako mai daɗi.

Akwai ɗaya ɓangaren lissafin da ba a cika faɗa ba. In gwaji yana wanke kashi 96.5 na lafiyayyu, to saura kashi 3.5 zai iya ɗora musu laifin da ba su yi ba. A tunkiya ɗaya wannan ƙaramin abu ne. A tumaki 12 lafiyayyu kuwa, yiwuwar aƙalla ɗaya ta nuna alamar ƙarya ya kai kusan ɗaya cikin uku. Shi ya sa ba a yanke hukunci a kan tunkiya ɗaya da lambarta ta ɗan haura layi. Ana duban hoton gaba ɗaya: nawa ne suka nuna, kuma da wane ƙarfi? Biyar masu lamba can sama labari ne daban da guda ɗaya da ke bakin layi. A yanayi na biyu, abin da ya dace shi ne a sake duba dabbar da kyau, a riƙe rukunin kada ya motsa, a maimaita awon bayan mako biyu zuwa uku. In ƙwaron yana nan, lambobi za su hau kuma wasu tumakin za su bi sahu. In ba ya nan, abin zai tsaya inda yake ko ya sauka. Gwajin garke ne, amsar da yake bayarwa ta garke ce, kuma likitan da ya san tarihin gonar shi ya kamata ya fassara ta.

Tarihin gonar ya shigo ne saboda jini yana da dogon tuni. Bayan an yi magani ƙwari sun mutu, sinadaran garkuwa ba sa ɓacewa washegari. Suna raguwa sannu a hankali, suna iya kai watanni ana ganinsu. Don haka garken da aka yi wa magani wata biyu da suka wuce zai iya nuna alama alhali babu ƙwaro ko ɗaya mai rai a jikinsa. Wanda bai san wannan ba zai ce magani bai yi aiki ba, ya sake kashe kuɗi ya sake ɗura wa dabbobi guba a banza. Haka nan ƙananan 'ya'yan tumaki suna iya samun sinadaran daga dakashin uwa. A ɗaya gefen kuma, jiki yana bukatar lokaci kafin ya ƙera su. Ragon da ya ɗauko ƙwaron jiya a motar kasuwa, in aka auna shi yau, jininsa zai fito fes. Wato akwai makanta a farko, akwai kuma inuwa a ƙarshe, kuma duk mai amfani da gwajin sai ya riƙe waɗannan biyun a ransa.

Daga nan ne aka fitar da tsarin karɓar sabuwar dabba. A killace ta nesa da garke, inda ko shinge ba su haɗa ba, a bar ta aƙalla mako biyu, sannan a ɗebi jini. Kafin sakamako ya dawo tana nan a killace. In rukunin da aka sayo bai kai 12 ba, duka ake aunawa. Sauran lokutan da awon ya fi amfani su ne bayan an dawo da tumaki daga makiyayar tarayya ko daga kiwon hunturu a gonar wani, kafin a saki raguna cikin tumaki, da lokacin da ake tara su don duban ciki, tunda dama an riga an tattaro su wuri ɗaya.

Yanzu ga abin da ni na ɗauka shi ne babban amfanin gwajin, wanda ya wuce gano ciwo: yana ba mutum hujjar ƙin yin magani idan babu bukata. A Birtaniya, magungunan ƙazwar tumaki iri biyu ne kawai. Na farko wankan tsoma da sinadarin diyazinon, inda ake jefa tunkiya cikin kwarmin ruwan magani ta yi cikakken minti ɗaya, a danna kanta ciki sau biyu. Na biyu allurai ne 'yan gida ɗaya: ibamektin, doramektin da moksidektin. Shekara da shekaru, manomin da ke tsoron ƙazwa sai ya yi wa garkensa allura kowace kaka don rigakafi, ko akwai ƙwaro ko babu. Allura ta fi wanka sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai waɗannan alluran su ne kuma maganin tsutsar ciki. Duk lokacin da aka yi su don ƙazwa, tsutsotsin ciki ma sun sha, masu rauni su mutu, masu taurin rai su rage su hayayyafa. Moksidektin mai dogon aiki yana zama a jiki yana kariya har kwana 60, wanda ke nufin wata biyu cur tsutsotsi suna haɗuwa da magani mai raguwar ƙarfi a hankali, kuma babu yanayin da ya fi wannan koya wa tsutsa jure magani. Sannan a 2018 masu bincike a Jami'ar Biristol suka tabbatar da cewa shi kansa ƙwaron ƙazwar ya fara bijire wa moksidektin a wasu gonakin Birtaniya, daga baya aka ga abin ya shafi sauran 'yan gidan. In allurai suka gaza, diyazinon kaɗai ya rage. Shi kuma guba ne mai haɗari ga mai aiki da shi da kuma halittun ruwa. A Birtaniya sai mai takardar shaidar ƙwarewa ke sayensa, kuma zubar da ragowar ruwan wankan ma sai da izini. Ga wanda ke da makami biyu kacal, ɗaya ya fara dakushewa, sakamakon da ya ce "babu alamar ƙwaro a rukunin nan" ba ƙaramar riba ba ce. Ya tsira da kuɗinsa, dabbobinsa sun huta, maganin kuma ya ƙara kwana.

Akwai kuma ruɗanin ƙwarƙwata. Ƙwarƙwatar tumaki mai cin ɓawon fata, Bovicola ovis, ita ma tana sa susa da zubar gashi, kuma da ido ba kasafai ake bambance su ba. Alluran da aka ambata ba sa kashe ta, don ba jini take sha ba. Maganin da ake zubawa a gadon baya don ƙwarƙwata kuma ba ya warkar da ƙazwa. Mafi muni, yana iya danne alamunta na ɗan lokaci ya ƙara ɓoye ta. Wanda ya yi magani bisa zato, sau da yawa kuɗinsa ya bi ruwa, ciwon kuma ya samu ƙarin makonnin yaɗuwa. Dabba ɗaya ma tana iya ɗauke da duka biyun, don haka ganin ƙwarƙwata bai wanke garke daga ƙazwa ba.

Tarihin ciwon a Birtaniya ya isa darasi. Ostireliya ta kawar da shi tun kafin ƙarni na sha tara ya ƙare, Niyu Zilan ma haka, kuma bai sake kafuwa a can ba. Birtaniya ta kawar da shi a 1952 bayan shekaru na wankan dole. A 1973 ya dawo ta hanyar tumakin da aka shigo da su daga Ailan. Aka koma wankan dole na kusan shekara ashirin ba a iya tumɓuke shi ba, a 1992 gwamnati ta janye hannu ta bar wa kowane manomi nauyin garkensa. Daga ƙasa da ɓarkewa ɗari a shekara, abin ya koma dubbai. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2020 ya sa asarar da masu tumakin ƙasar ke yi tsakanin fam miliyan 78 zuwa miliyan 202 a kowace shekara. A Sikotilan, dokar 2010 ta wajabta kai rahoto ga hukuma da zarar an yi zargin ciwon. A Ingila da Wels kuwa, dokar 1997 ta haramta barin tumakin da ciwon ya bayyana a jikinsu ba magani, ko fita da su. A lura da lafazin: waɗanda ya bayyana a jikinsu. Dokar da kanta a kan abin da ido ya gani ta rataya, domin lokacin da aka rubuta ta babu wata hanyar. Tunkiyar da ke ɗauke da ƙwari ɗari a ƙarƙashin ulu mai kyau tana wucewa ta ƙofar doka ba tare da an karya komai ba.

Abin da ya rage shi ne wanda kimiyya ba ta iya warwarewa ita kaɗai. Ƙwaron bai san iyakar gona ba. Manomi zai auna, ya yi wanka yadda ya kamata, kariyar ta ƙare bayan 'yan makonni, tumakinsa su goga jiki a shingen da suka haɗa da maƙwabcin da bai yi komai ba, a koma gidan jiya. Kuma ƙazwa ciwo ce da ake jin kunyar faɗa, ana ɗaukarta alamar sakaci, sai kowa ya yi maganinsa a ɓoye, kowa a lokacinsa, ƙwaron yana tsallakawa daga wanda kariyarsa ta ƙare zuwa wanda tasa ba ta fara ba. A nan gwajin jini ya kawo wani sauyi da ba a auna shi da na'ura. Idan gonaki goma masu maƙwabtaka suka yarda su auna a mako ɗaya, maganar ta tashi daga "wane ne ya kawo mana" ta koma "ina yake yanzu". Irin wannan aikin aka gwada a Ingila daga 2021, inda aka haɗa gonaki kusan 300 a yankunan da ciwon ya fi ƙamari, aka auna su rukuni-rukuni, waɗanda aka samu da shi suka yi magani lokaci ɗaya da maƙwabtansu. Wels ma ta ƙaddamar da nata shirin a 2023, mai haɗa gano ciwon da tura ƙwararrun masu wankan tsoma da motarsu har gona.

In sakamako ya tabbatar ƙwaron yana nan, ba tumaki 12 da aka auna ake yi wa magani ba, ba kuma waɗanda suka nuna alama kaɗai ba. Rukunin ne gaba ɗaya, har da duk wadda ta yi gogayya da shi, a rana ɗaya. Tunkiya guda da ta ɓuya a bayan dutse ranar tarawa, ko wadda allura ta zame ta zube a cikin ulu, ta isa ta mayar da ciwon cikin garke. In allura za a yi, a auna nauyin dabbobi a bi mafi nauyi, a kuma san wace allura ce: ibamektin sai an yi sau biyu da tazarar kwana bakwai, kuma wadda ba ta da doguwar kariya tana bukatar a kwashe tumakin zuwa filin da ya yi aƙalla kwana 17 babu tunkiya a cikinsa. In wanka ne, tsomawa ake yi. Feshi da shawa ba sa kai magani gindin gashi da cikin kunne, sai dai su koya wa ƙwaron jure shi. Bayan an gama, in ana so a san ko maganin ya ci, a koma kan tumakin da aka auna tun farko, waɗanda aka rubuta lambar kunnensu, a sake ɗiban jininsu bayan wasu makonni a kwatanta da na baya. Lambobin da ke sauka suna nuna ƙwarin sun mutu. Waɗanda suka tsaya cak ko suke hawa suna nuna akwai masu rai, kuma a nan sai a koma ga wuƙa da madubi a nemo su a fata, a bincika ko kuskuren aiki ne ko kuwa ƙwaron gonar ya daina jin allura.